Sun ce duriyan ya faɗo mini: zagi ne ko barka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne, ina karatun digiri na uku a wata jami'a da ke jihar Selangor a Malesiya, wata takwas ke nan da zuwana. Kwanakin baya na samu tallafin bincike da ban sa rai da shi ba, saboda wanda aka fara zaɓa ya janye. Da labarin ya bazu a ɗakin gwaje-gwajenmu sai abokan karatuna 'yan ƙasar suka yi ta dariya suna cewa "durian runtuh". Duriyan dai shi ne ɗan itacen nan mai ƙaya da warinsa ya sa ake hana shiga da shi otal. Ni kaɗai ne baƙar fata a cikinsu, sai raina ya ba ni habaici suke yi mini cewa ina wari. Bayan haka na samu saɓani da mai gidan da na tashi daga ciki a kan kuɗin ajiyata, wani abokina ya ce ai ni da shi "timun dengan durian" ne. Yanzu kuma malamin da ke duba bincikena ya gayyace mu gonar iyayensa a watan Yuli cin wannan duriyan ɗin, ni kuwa warinsa kawai tayar mini da zuciya yake. Na daina zama cin abinci da su. Shin zagina ake yi? In je gayyatar ko in kawo uzuri?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Barka da arziki tukuna, domin abin da abokanka suka ce maka ke nan, kai kuma ka ɗauke shi zagi.

Abin da ya rikita ka shi ne kai da hanci ka san duriyan, su kuwa da harshe da aljihu suka san shi. Sunan kansa ma babu ruwansa da wari. A harshen Malay "duri" na nufin ƙaya, sai aka liƙa masa ɗafa-ƙeyar "-an" ya zama "durian", wato mai ƙaya. Haka suka yi wa rambutan, jan ɗan itacen nan mai gashi-gashi da kake gani a kasuwanninsu: "rambut" gashi ne. Har akwai wani nau'in duriyan mai tsada da suke kira Duri Hitam, baƙar ƙaya. Kirarin da suke yi wa duriyan kuwa "raja buah", sarkin 'ya'yan itace. Ba a zagin mutum da sarki.

"Runtuh" kuma rugujewa ne ko zubowa ƙasa. A Malesiya al'adar ita ce ba a tsinke duriyan, ana barinsa ya nuna a bisa har ya saki reshe ya faɗo da kansa, sau da yawa cikin dare, masu gona na kwance a 'yar bukka suna sauraren ƙarar faɗuwarsa. Bishiyar da aka shuka daga ƙwallo takan ɗauki shekara takwas zuwa goma kafin ta fara haihuwa, wadda aka yi wa aure kuma huɗu zuwa shida, shi ya sa yawancin manyan bishiyoyin ƙauye kaka ne ya dasa, jika ke tsinta. Ka ga ke nan abu mai tsada, wanda ba kai ka dasa ba, ba ka hau ba, ba ka kaɗo ba, ya faɗo gabanka. Wannan shi ne "durian runtuh", daidai da abin da mu muke cewa tsuntsu daga sama gasasshe. Suna faɗa wa wanda ya ci gado, ko wanda aka ƙara wa albashi ba zato, kuma jaridunsu na sa shi a kanun labari idan gwamnati ta samu rarar kuɗi. Wani ya janye, tallafi ya faɗo hannunka: da ma don irin wannan aka yi karin maganar.

Ba mu ce ba a taɓa yi wa baƙar fata wulaƙanci a can ba, ana yi, kuma tsarguwarka ba daga banza ta zo ba. Amma mai son ce maka kana wari yana da kalmominsa: "busuk" shi ne ɗoyi ko ruɓa, "bau" shi ne wari. Idan waɗannan ka ji ana haɗawa da sunanka, ko ka ga ana toshe hanci ana matsawa in ka zauna, to wannan wata magana ce, sai ka kai ta gaban malaminka ko ofishin ɗaliban ƙasashen waje. A cikin abin da ka rubuto mana babu ko ɗaya.

Matsalar da ke gabanka yanzu ita ce janye jikin da ka yi. Su a wajensu wanda arziki ya faɗo wa shi ke yin "belanja", wato ya saya wa abokai abinci ko shayi. Sun yi maka barka, sai suka ga ka ɗaure fuska ka daina zama da su. Fassarar da za su yi wa haka ɗaya ce: ya samu kuɗi ya fara girman kai, ko kuwa rowa ce. Gyaran ba shi da wuya. Ka zaɓi rana cikin makon nan ka ce musu "saya belanja", ka kai su shagon mamak mafi kusa, wato gidan abincin Musulmi 'yan asalin Indiya, kowa ya sha teh tarik, shayinsu mai madara, ya ci roti canai, wata irin gurasarsu, ba zai ci maka wani kuɗin kirki ba. In sun sake tsokanarka ka ce "Alhamdulillah, rezeki". Wannan "rezeki" ita ce arzikinmu, dukkansu daga Larabci suka fito. In ka ga fuska, ka ba su labarin yadda ka fahimci maganar da farko. Za a yi dariya, maganar ta mutu.

Maganar abokinka kuwa gargaɗi ce, kuma ba kai ne duriyan a cikinta ba. "Timun" ko "mentimun" kokwamba ce. Karin maganar na cewa ko kokwamba ta gangara kan duriyan, ko duriyan ya gangara kanta, ita ce za ta ji rauni. Ana faɗa idan mara ƙarfi ya ja da mai ƙarfi. Yana nufin kai baƙo ne mai takardar zaman karatu, shi kuma ɗan ƙasa mai gida, kada ka je kuna ɗaga murya a bakin ƙofa. A nan yana da gaskiya, sai dai wannan bai ce ka yafe haƙƙinka ba. Ka ɗauko takardar yarjejeniyar haya ka duba sharaɗin mayar da kuɗin ajiya, wanda a can yawanci hayar wata biyu ce da rabin wata na wuta da ruwa. Ka haɗa rasit ɗin biya, hotunan gidan ranar da ka fita da takardun wuta da ruwa na ƙarshe, ka rubuta wa mai gidan saƙo cikin ladabi ka sa wa'adin kwana 14. In ya ƙi, kotun majistare a Malesiya na da tsarin ƙananan ƙararraki na abin da bai wuce ringgit 5,000 ba, wanda mutum ke tsayawa da kansa ba tare da lauya ba. Sau da yawa ambaton haka a rubuce ya isa.

Tunda za ka daɗe a yankin, ka san cewa sunan nan zai yi ta fito maka ta ko'ina. Akwai garin Durian Tunggal a jihar Melaka, akwai unguwannin Duren Sawit da Tanjung Duren a Jakarta ta Indunusiya, domin "duren" ake ce wa duriyan a harshen Java. Jakarta kanta ana yi mata laƙabi da Babban Duriyan. Gidan wasannin Esplanade na Singafo da aka buɗe a 2002, mutanen gari duriyan suke ce masa saboda rufinsa mai tsini-tsini. "Durian belanda", wato duriyan ɗin Holan, ba duriyan ba ne sam, ɗan uwan gwandar dajinmu ne mai taushin ƙaya da ɗan tsami. Mutanen Tailan na cewa "thurian", 'yan Sin "liulian", wanda a kunnensu ya yi daidai da kalmar kasa rabuwa da abu, a Biyetnam kuma "sau rieng", da ke iya nufin baƙin cikin da mutum ya ɓoye a ransa. Masana tsirrai na kiransa Durio zibethinus, kuma rabin sunan na biyu daga magen juda aka samo shi, dabbar da ake ɗebe turaren jibda a jikinta, tushensu ɗaya da kalmar Larabci "zabad". A nan ne kawai wari ya shiga suna, kuma Turawa ne suka shigar da shi. Gargaɗi ɗaya: idan da 'yan Indunusiya kake hira, kada ka ce "belah duren" da nufin fasa ɗan itace. A bakin matasansu zancen daren farko ne na ango da amarya, za ka ji kunya a gaban mata.

Gayyata kuwa, ka je. Malami ba ya kai ɗalibi gonar iyayensa sai yana son jawo shi jiki, kuma abin da za a zube a gabanku dukiya ce. Ƙasar Sin kaɗai ta shigo da duriyan fiye da tan miliyan 1.4 a 2023, na kusan dala biliyan 6.7, yawanci daga Tailan da Biyetnam, kuma nau'ukan Malesiya masu suna sun fi waɗancan tsada. Yuni zuwa Agusta ne babbar kakarsa a yankin da kake. Ƙin zuwa zai fi zubar da kai fiye da zuwa ka ci kaɗan.

Warin da ke damunka daga sinadaran farar wuta ne masu saurin tashi a iska, dangin waɗanda ke cikin albasa da tafarnuwa, har da irin wanda ake zubawa a iskar gas ta girki domin a gane in tana yoyo. Shi ya sa a 2018 aka kwashe ɗaruruwan mutane daga ɗakin karatu na jami'ar RMIT a Melbon ta Ostireliya ana zaton gas ne, ashe ruɓaɓɓen duriyan ne wani ya bari a kabad. Abin da zai taimake ka shi ne warin ya fi muni a rufaffen wuri da kuma in ɗan itacen ya kwana biyu. Mai yiwuwa irin wannan ka shaƙa, a bakin titi ko kusa da juji. Wanda ya faɗo da asuba aka fasa a fili ƙarƙashin bishiya ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Wanda ya girma da daddawa a miya ya san hanci kan yi wa harshe ƙarya.

Ka yi gwaji kafin ranar. Ka sayi ƙaramin mazubi na tsokar duriyan da aka riga aka ɓare, ka sa a firji ya yi sanyi sosai, domin sanyi na rage tashin wari, ka ci cokali ɗaya a waje, ba cikin ɗaki ba. Kada ka fara da alewa ko biskit mai ɗanɗanon duriyan, ba su da daɗin ɗan itacen, su ne ke korar mutane da yawa. Ka yi haka sau biyu ko uku a kwanaki daban-daban.

Shi ɗan itacen kilo ɗaya ne zuwa uku, ɓawonsa mai kauri da ƙaya mai huda fata. Cikinsa ɗaki biyar ne a yawanci, suna ce wa ɗakin "pangsa", kowane da curin tsoka ɗaya zuwa kamar biyar, kowane curi "ulas", a naɗe da ƙwallo. Tsokar ba ta cika wuce kashi ɗaya cikin uku na nauyin duka ba, wani lokacin ko kashi ɗaya cikin biyar, abin lura in kana saye a kilo. A gona masu gida ne za su fasa, kada ka yi karambani. Amma ka kalli yadda ake yi: a riƙe da tsumma mai kauri ko safar hannu, a juyo gindinsa inda layuka biyar suka haɗu kamar tauraro, a soka tsinin wuƙa kamar santimita biyu zuwa uku a tsakiya, a murɗa, sai ya tsage ta kan layi, a danna gefe da gefe da tafin hannu ya buɗe. Mai saran ƙaya ta gefe wahala kawai yake sha, yana kuma yanka tsokar.

Idan an tambaye ka wanne kake so, ka ce "manis", mai zaƙi, ba "pahit", mai ɗaci, ba. Gwanaye ɗacin suke nema, kuma don karramawa za su iya miƙo maka Musang King, wanda lambarsa D197, mai launin kurkum da ɗaci-ɗaci a ƙarshe, sunansa daga Gua Musang ta jihar Kelantan. Wannan ba na ɗan koyo ba ne. D101 ko Udang Merah sun fi sauƙi, haka ma duriyan ɗin ƙauye mara lamba in an dace da bishiya mai zaƙi. Ka ɗauki curi ɗaya da hannun dama, kada ka kai shi hanci ka shinshina, nan ne mutane ke faɗuwa. Ka gutsura ka bar shi ya narke a harshe kana numfashi ta baki. Za ka ji kamar kindirmo mai kauri da aka dama da sukari da man shanu, da ɗan ƙamshin soyayyar albasa daga baya. Cizon farko ne mai wuya, na uku yakan bambanta. Tsoka mai kyau tana da laushi kamar man shanu, ba ta jiƙe sharkaf ba. In ta yi ruwa-ruwa da tsami tana yaji a harshe, ta wuce, in kuma tana da tauri kamar ɗanyen dankali ba ta nuna ba. Ka ajiye ka ɗauki wata, babu mai ganin laifinka. Ƙwallon ba a cinsa ɗanye, yana da guba, sai an dafa ko an gasa.

In ka ci ɗaya ka ji ba za ka iya ƙari ba, ka ce "sedap, tapi sikit saja, belum biasa", wato da daɗi amma kaɗan dai, ban saba ba. Sun san baƙi, za su yi dariya su miƙo maka manggis, wani ɗan itace mai farar tsoka mai zaƙi, ko rambutan, waɗanda kakarsu ɗaya da duriyan. Abin da ba a yi shi ne yatsine fuska, tofarwa a gaban mutane ko furta "busuk". Iyayen malamin ka kira su Pak Cik da Mak Cik, ka cire takalmi kafin hawa gidan, ka riƙe musu 'yar tsaraba, "buah tangan" suke ce mata. Dabino ko kilishi in kana da shi ya wadatar.

In kuma ya yi maka daɗi, to a nan ne za ka ja linzami. Giram 100 na tsokar na da kalori kusan 147 da sitaci da sukari kimanin giram 27 da maiƙo giram 5, ayaba kuwa kalori 89. Curi biyu zuwa uku sun ishi lafiyayye a zama ɗaya. Mai ciwon sukari kada ya wuce ɗaya ko biyu, kuma ya rage shinkafar ranar. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likitansa tukuna, saboda fotasiyam ɗinsa ya haura miligiram 430 a giram 100, ya fi na ayaba. Wanda ya cika ciki da shi yakan ji kumburi, zafin jiki da kaushin maƙogwaro, abin da suke kira "panas". Za ka ga suna zuba ruwa da ɗan gishiri a kwarmin ɓawon suna sha, suna kuma wanke hannu a ciki. Al'ada ce, ba ta cutarwa, ka yi yadda suka yi, ka ƙara da ruwa mai yawa. Kada ka kora da lemon kwalba, sukari kan sukari ne kuma gyatsar za ta dame ka.

Ta fuskar addini ka kwantar da hankalinka, ɗan itace ne halal da Musulmin yankin ke ci tun kaka da kakanni, har da tempoyak, tsokar da ake sa wa gishiri a ajiye ta yi tsami a yi miyar kifi da ita. Abin kula shi ne masallaci. Hadisin tafarnuwa da albasa sananne ne, kuma dalilin hanin warin da ke cutar da masu sallah ne. Gyatsar duriyan takan yi awanni tana dawowa, don haka ka wanke baki da man goge haƙori, ka yi asuwaki, kuma kada ka ci gab da Juma'a.

A cikin gonar kada ka tsaya ko ka shimfiɗa darduma ƙarƙashin bishiya mai 'ya'ya. Tsofaffin bishiyoyi na haura mita 25, kuma ƙwallon ƙaya mai kilo biyu daga can yana fasa kai. In ka ji ƙarar ganye daga sama kada ka ɗaga kai ka duba, ka matsa. Ka sa takalmi rufaffe saboda ɓawon da ke zube a ciyawa.

Da za ku tafi, kusan tabbas za a cusa maka guda biyu ko uku ka kai gida. Ka karɓa ka yi godiya, amma ka roƙi a fasa maka a can a zuba tsokar a roba mai murfi mai kama iska, ka naɗe da leda biyu. Kada ka shiga jirgin ƙasa ko bas da shi, mai tasi ma ka tambaye shi kafin ka hau, domin warin na kama kujera ya yi kwanaki. Ɗakin kwanan ɗalibai da gidajen haya da yawa sun hana, ka duba dokar naka, kada ka buɗe sabuwar rigimar kuɗin ajiya. A firji yana yin kwana biyu zuwa uku, a wajen ƙanƙara wata biyu ko fi, amma in murfin bai kama ba, madara da man shanu da ruwan shanka duk za su ɗauki warin. Ɓawon kuwa kada ya kwana a kwandon shara na cikin gida. In ba za ka ci ba, ka kai wa abokan ɗakin gwaje-gwajen washegari, ka kira su waje ƙarƙashin inuwa ka buɗe musu a can.